Wasiƙa daga Gadarif: ƙurar katako ba a warsha take kwana ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da abokan aikinka, da masu karatu na Najeriya da Nijar da mu nan mutanen gabas. Ni kafinta ne, a nan Sudan aka haife ni, kakanninmu na cikin waɗanda suka taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a hanya har zangon ya zama gida. Saboda haka in kaga Larabci ya faɗo cikin Hausata kayi haƙuri, haka muke yinta a nan.

Abin da yasa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu shine tallan da nake ta gani a Facebook na injin tace iska, wai ka saya ka ajiye a ɗaki shikenan ka rabu da ƙura, har na ga wasu 'yan uwana kafintoci suna tambayar kuɗinsa. Ni na riga na bi ta hanyar nan, kuma ina ganin haƙƙi ne in faɗi abin da na gani.

Sama da shekara ashirin nayi ina aiki a Umdurman, a warsha, wato shagon aiki, mai faɗi wadda gabanta a buɗe yake, iska ta shigo ta nan ta fita ta can, ba wanda ya taɓa zama yayi tunanin ƙura. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 muka ɗan jure, daga baya dai muka kwaso yara da ɗan abin da mota zata iya ɗauka, ƙaramin injin zarto da injin samfefa da akwatin kayan hannu, muka taho Gadarif gidan yayana. Allah ya saka masa, ya ba ni ɗaki ɗaya yace in riƙa aiki a ciki. Ɗakin mita huɗu ne a mita huɗu, tsayinsa mita uku, rufin kwano, taga ɗaya ƙarama, ƙofarsa kuma tana kallon tsakar gida, wato daidai inda mata ke yin kisra, siririyar gurasar dawa ta Sudan, inda randunan ruwa suke, inda yara ke wuni. Ni a lokacin murna kawai nake na samu wurin neman abinci.

Wata biyar ko shida da farawa sai ƙaramar 'yata ta soma tari da dare, irin busasshen nan da ke hana kowa barci, mu kuma muka ɗora wa sanyin damina. Muka yi ta jiƙa mata 'ya'yan bagaruwa, garad ɗin nan da mutanen Sudan ba sa rabuwa da shi, shiru. Rannan uwargida ta kira ni tace Malam zo ka duba, ta shafa yatsa a kan murfin randa, ta shafa a kan faifan da ta rufe ƙullu, ta shiga ɗakin kwana ta shafa kan akwati, ko'ina jan gari ne mai laushi kamar hoda. Nace ai ƙurar gari ce, tace Malam ƙasar Gadarif baƙa ce, wannan kuwa kalar maɗacin da kake gogewa ne. Ban ce komai ba. Da muka je asibiti likitan bai daɗe yana sauraron ƙirjinta ba ya juyo yace Baba wace sana'a kake yi, kuma a ina kake yinta? Da na faɗa masa sai yace magani zai rubuta, amma maganin ba zai yi wani aiki ba muddin tana kwana tana tashi a cikin abin da ke tayar mata da ciwon.

Mu kafintoci abin da muke kira ƙura shine nishara, dusar katakon nan da ke taruwa a ƙasa har ta rufe ƙafa, ita muke sharewa mu zuba a buhu. To wallahi wannan ita ce mafi sauƙin sharri, don ta riga ta faɗi ƙasa. In kana so ka ga ta gasken ka tsaya da hantsi ka duba hasken ranar da ke shigowa ta hujin kwano, ko da dare ka kashe wuta ka haska tocila a gicciye, zaka ga abu na yawo kamar hayaƙi. Ana auna girman ƙura da maikiron, wato milimita ɗaya in an raba ta gida dubu. Kaurin gashin kan mutum wajen maikiron 70 ne. Ƙwayar da ta kai maikiron 100 cikin 'yan daƙiƙoƙi take faɗuwa, mai maikiron 10 sai tayi kamar minti takwas kafin ta sauko daga daidai fuskar mutum zuwa ƙasa, mai maikiron 1 kuwa sai ta kai awa goma sha biyu tana lilo, wannan ma in iska a tsaye take cak babu mai motsa ta. Kenan abin da na goge da la'asar yana nan a sama har asuba, yana bin ƙofa yana shiga ɗakin da yara suke barci. Manyan hanci da maƙogwaro ne ke tare su, shi yasa kake fyace jar majina, ƙananan kuwa wucewa suke har can cikin huhu.

Ina cikin wannan damuwa na ba ƙanena da ke Jidda labari, shi kuma bawan Allah bai yi shawara da kowa ba ya sayi injin tace iska irin na falo, fari tas mai fitila shuɗiya, ya ba wani mai dawowa ta Port Sudan ya kawo min. Na ajiye shi a kusurwar warsha ina jin ai an gama. Ko sati biyu bai yi ba fitilar ta koma ja, na buɗe na tarar filtar ta toshe ta zama kamar katifa, kuma kaf garin babu inda zan samu irinta. Injin ba shi da laifi, na gaske ne, filtarsa irin wadda ake kira HEPA ce mai kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu maikiron 0.3, amma don falo aka yi shi, ba don ɗakin da ake yanka MDF ba, katakon nan da ake haɗawa da garin itace da gam. Abin da ma ya fi wannan, wanda sai daga baya na gane, shine ko da bai toshe ba yana can kusurwa mita uku daga inda nake, hancina kuwa taƙi biyu ne tsakaninsa da samfefa. Kafin ƙura ta isa wurinsa ta riga ta bi ta kaina, ni ne filta ta farko shi ta biyu. Duk wani injin da ake ajiyewa a gefe ko a rataya a sama, ragowa yake kamawa.

Kada wani yace ai tari ne kawai. A Ingila akwai wani gari Hai Wikom da ya shahara da yin kujeru, a shekarun 1960 likitoci suka lura wata irin kansar cikin hanci wadda da wuya ake ganinta a sauran mutane ta yi yawa a tsakanin masu aikin kujerun, kuma babban itacen da suke aiki da shi shine zan, wanda Turawa ke kira beech, zan ɗin nan dai da muke yabo muna tsawwala masa kuɗi. A 1995 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam, a 2004 kuma ta saka sinadarin fomaldihaid a wannan rukunin, shi kuwa yana cikin gam ɗin da ake haɗa yawancin MDF da shi. Ciwon ba yau yake fitowa ba, sai bayan shekaru masu yawa, lokacin mutum ya tsufa an ce ai ajali ne. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya kuma tace kafinta ya ninka sauran ma'aikata sau huɗu wajen haɗarin kamuwa da asma. Dokarsu tace ƙurar itace mai tauri kada ta wuce miligiram 3 a kowace mita kubik ta iska in an yi matsakaicin aikin awa takwas, Tarayyar Turai ma ta sauko da nata zuwa miligiram 2 daga 2023. Na zauna nayi lissafi da ɗakina, huɗu sau huɗu sau uku mita kubik 48 kenan, sau uku ya ba ni miligiram 144. Maganin da ke cikin ƙwayar Panadol ɗaya miligiram 500 ne. Wato ƙurar da nauyinta bai kai sulusin wannan ba in ta watsu a iskar ɗakin na riga na kai iyaka, ni kuwa nakan wuni ina goge ƙofar maɗaci har ɗacinsa ya zauna min a maƙoshi, ko shayi na sha sai in ji shi.

Kawuna da ya koya min aikin nan, Allah ya jiƙansa, shekarunsa na ƙarshe ko masallacin ƙofar gida zai je sai ya tsaya a hanya ya dafa bango yana maida numfashi, kuma bai taɓa shan taba ba. Shi ne kullum in an tashi aiki yake aika yaro ya sayo madara, wai tana wanke ƙirji. Har yau kafintoci da masu fenti da 'yan walda suna kan wannan magana daga nan har Kano. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, ƙura kuma ta hanyar numfashi ta bi, ba ma sa haɗuwa.

Mutanen Najeriya kun fi ni sanin abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Iyayen nan ba mugunta suka yi ba, neman halak suka fita, suka riƙa kawo dutsen zinare cikin gida ana daka ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar katako ba ta kai wannan kaifi ba, amma hanyar ɗaya ce, sana'a ta shigo gida. Kuma ita kanta dalmar ba ta yi nisa da mu ba, don yanzu da kuɗi suka yi wuya rabin aikin da ake kawo min gyaran tsofaffin ƙofofi da tagogi ne, tsohon fenti kuwa sau da yawa akwai dalma a cikinsa, in ka ɗora masa injin samfefa ka mayar da ita gari. Ni yanzu irin wannan sai in jiƙa shi in kankare da hannu, a waje, yara ba sa kusa.

To ga abin da nayi, kuma mafi yawansa ba kuɗi ya ci ba. Da farko aikin guga gaba ɗaya na fitar da shi daga ɗakin, na kafa rakuba, rumfa kenan, a bayan gida ta wajen fili, ina tsayawa iska na bugun bayana tana tafiya da ƙurar gaba. Ƙofar da ke kallon tsakar gida na rufe ta na toshe ƙasanta da tsumma, na fasa wata ta waje. Sannan na sa shaffat, fankar bango mai zuƙo iska ta fitar, a bangon da ke daf da injin zarto, taga kuma tana ɗaya ɓangaren a buɗe don sabuwar iska ta shigo. Nan mutane ke kuskure, sai su kunna fankar sama ko mukayyaf, injin sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, suna jin daɗin sanyi, alhali fankar sama motsa ƙurar kawai take yi kamar ana dama kunu, mukayyaf kuma turo iska yake ciki, iskar ta nemi hanyar fita ta kowace kafa ta kwashi ƙura ta kai cikin gida. So ake ɗakin aiki ya zama yana zuƙa, ba yana hurawa ba. Gwajin ba wuya, na ari kaskon turaren wuta na uwargida na ajiye a bakin tsohuwar ƙofar ta wajen tsakar gida, in hayaƙin bahur ya lanƙwasa ya bi kafar ƙofa ya shiga warsha to daidai ne, in ya dawo tsakar gida akwai gyara.

Sai kama ƙurar tun a bakin injin, wanda shi ne uwa uba. Kusan kowane injin zarto ko na samfefa yana da ɗan bututu a gefe da aka yi don a jona masa mesa, mu kuma mun mayar da shi ado. Na samo tsohon injin zuƙe shara na jona. Matsalarsa saurin cika, sai nayi masa dabarar bokiti: babban bokitin fenti mai murfi, mesar da ke zuwa daga zarto ta shiga ta gefe a karkace yadda iska zata riƙa juyawa a ciki kamar guguwa, wata mesar kuma ta fita ta tsakiyar murfi zuwa injin. Masu nauyi su bugi jikin bokiti su zube ƙasa, ɗan mai laushin ne kawai ke wucewa. Amma a kula, shi mai laushin nan in filtar injin ba ta kirki ba ce ta baya yake fitowa ya dawo maka, haka ma manyan injinan nan masu buhun yadi a sama, buhun in na araha ne sai ya riƙe dusa ya tankaɗe maka garin a iska kamar rariya. Shi yasa nawa injin a waje yake zaune, mesar ce kawai ta ratso bango.

Sai a nan ne injin tace iska yake da wuri, a ƙarshe, don share abin da ya kuɓuce. Tunda na Jidda ya kwanta sai na haɗa nawa. Lokacin korona a 2020 wasu Amurkawa biyu, Richard Corsi da Jim Rosenthal, sun yaɗa dabarar haɗa filtoci huɗu ko biyar kamar akwati a ɗora fanka a kai a liƙe da salatif. Irin filtocinsu babu su a kasuwarmu, amma Gadarif garin noman tarakta ne tun shekarun 1940, dawa da riɗi, saboda haka filtar iska ta tarakta da ta manyan motoci ba ta yankewa a wurin masu sayar da kayan gyara. Na haɗa akwatin ablakash, wato filawud, na jera guda biyu a ciki, na sa fanka mai ƙarfi tana jan iska ta cikinsu, na naɗa siririn soso a waje yana tare manya don in riƙa wankewa. Ba HEPA ba ce kuma ba zan ce ita ce ba, amma gwajin tocila da dare ya nuna min bambanci ƙarara. Abin lura shine yawan iskar da yake ja, ana so ya juye iskar ɗakin kamar sau shida a awa, a nawa ɗakin wajen mita kubik 290 kenan, kuma a wannan gudun sai an yi kusan minti 46 bayan an daina aiki kafin kashi 99 na abin da ke sama ya tafi. Don haka in na tashi ba na kashe shi, sai na dawo daga magariba. In wuta ta ɗauke, wanda kullum ne, fanka dai sola na iya ɗaukarta, injin zuƙa kuwa mai cin wat dubu ko fiye ba ya yiwuwa, ranar sai in koma fara, abin feren katako na hannu, wanda ke fitar da ɓawo mai naɗewa maimakon gari. Iyayenmu da suka yi ta sassaƙa allo da itacen aduwa, da angareb, gadon igiya kenan, da itacen bagaruwa da hannu ba su shaƙi rabin abin da muke shaƙa ba, injin ne ya zo da gari.

Shara kuma na daina ta a bushe. Matanmu tun fil azal sai sun yayyafa ruwa kafin su sa tsintsiya, mu maza da muke ganin mun fi su sanin aiki mu ne muke tayar da hazo. Wanda ya fi muni shine hure jiki da kwamfiresa in an tashi, ka ga yaro ya sa wa kansa iska daga wuya har ƙafa yana dariya, duk abin da ya kwanta ya tashe shi. Rigar aiki a warsha nake barinta, in yi wanka kafin in ɗauki yaro. Garin nan kuma in ya taru a kan moto ko soket tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Maƙwabta masu zuwa ɗibar nishara don hura wuta ko shimfiɗa wa kaji, ina ware musu ta zallan itace, ta MDF da mai fenti ba na bayarwa ko an roƙa, don ba abin da za a dafa abinci a kai ba ne.

Maganar takunkumi ita ce mai wahala. Shuɗin nan na asibiti da ya rage tun korona, ko naɗe fuska da rawani, manya kawai suke tarewa, iska ta gefe take shiga. Wanda ke aiki shine mai rubutun N95 ko FFP2, ko FFP3 in an samu, kuma sai ya manne da fata. Ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, minti goma ka jiƙe. Ga kuma gemu, don gaskiya ita ce gashi yana hana shi mannewa, ni kuma gemuna ba zan aske ba. Akwai mai rufe kai duka da 'yar fanka mai batir wanda bai damu da gemu ba, sai dai kuɗinsa ba na irina ba ne a yanzu. Ina sawa dai ina ɗaure shi tamau, amma na san bai cika ba, shi yasa na fi ba mesa da shaffat ƙarfi.

Yarinyar alhamdulillahi tana barci yanzu, abin shaƙarta yana nan amma sai a jima ba a ɗauko ba, sai in habub, guguwar ƙura, ya taso. Ni kuma na fara jin ƙamshin jabana, kofin Sudan, da safe, wanda da na ɗauka hancina ne ya tsufa.

Roƙona Malam Edita, shafinku na lafiya ya riƙa leƙa masu sana'ar hannu, ku tura wakili layin kafintoci a Kano ko Kaduna ko Damagaram da tocila a hannu, ya shiga shagunan da ke manne da gidajen kwana, ya tambayi masu koyon aiki 'yan shekara goma sha biyu da ake ba samfefa tun safe, don a kowace warsha aikin da ya fi ƙura shi ake ba ƙaramin yaro, ni ma haka aka yi min kuma haka nayi wa wasu. Saura matsala ɗaya da nake fama da ita, maƙwabcina na baya yazo jiya yace Usta shaffat ɗinka yana zuba wa awakina gari a ruwan sha, kuma gaskiyarsa ne, na je na gani. Na yi masa alkawarin kafin Juma'a zan lanƙwasa bututun ƙasa ya riƙa hurawa cikin rabin durom mai ruwa, yanzu haka durom ɗin nake nema.

Wassalam, naku
Wani kafinta,
Gadarif, Sudan